Gawa Ba Ta Binne Kanta

Ranar da muka kai kawuna makwancinsa hunturu ne, ƙasar Zariya ta ƙeƙashe har diga na ƙara in ta sauka. Ya cika bayan asuba, kafin azahar an yi masa wanka da sutura, an sallace shi a ƙofar gida, mun ɗauki makara zuwa maƙabartar da ke bayan ganuwa. Da muka isa, dattijon da ke haƙa bai gama gyara 'yar kabarin ba, sai muka tsaya muna jira. A cikin jar ƙasar da ya tara gefe na hango wani tsingaro baƙi, da zane a bakinsa kamar an danna igiya a jikin yumɓun tun yana ɗanye. Na ɗauka ina jujjuyawa. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, irin wannan kullum muna tono shi. Wani lokaci har da kashin maƙera. Na mutanen da ne." Na ce, "Baba, su wane ne mutanen da?" Ya ce, "Waɗanda suka riga mu zama a nan mana." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Gaskiya ya faɗa. Garin nan a kan tsohon zama yake zaune. Gindin dutsen Kufena cike yake da kufai da ragowar ganuwa, kuma a yammacin Samaru, wajen rafin Kubanni, masu binciken tono na Jami'ar Ahmadu Bello sun samu wuraren narka tama da suka haura shekara dubu. Mutanen da suka hura waɗannan wutar sun haihu, sun yi jinya, sun rasa 'ya'ya, sun binne iyaye. Tun daga wannan rana wata tambaya ta maƙale mini: in bayan shekara dubu wani ya tono kabarin kawuna, me zai samu, kuma me zai ce a kanmu?

Likkafani ya daɗe da zama ƙasa. Itacen da aka jera gara ta cinye. In ƙasa ta yi rangwame zai tarar da ƙasusuwan dattijo kwance a gefen dama, fuska na kallon gabas. Babu zobe, babu carbi, babu kwano, babu suna. In mai tonon ya yi awo da ma'aunin da mutane da yawa ke yi wa kaburburan da, wato kayan da aka sa wa mamaci su ne shaidar an yarda akwai wata rayuwa a gaba, to zai rubuta cewa Zazzagawan zamaninmu ba su damu da lahira ba, ko kuma talakawa ne da ba su da manya. Duka biyun kuskure ne babba. Mutanen da ba sa gama zance uku ba su ambaci gobe ƙiyama ba, su ne kabarinsu ya fi na kowa zama fayau. Wannan shi ne abin da ya kamata mu riƙe kafin mu yi saurin fassara kabarin wasu. Gawa ba ta binne kanta. Abin da ake gani a rami aikin masu rai ne, kuma ba duk abin da ke zuciyarsu suke sakawa a ciki ba.

Mu a wurinmu asalin binnewa sananne ne. Aya ta 31 a Suratul Ma'ida ta ba da labarin hankakan da Allah ya aiko yana tonon ƙasa don ya nuna wa ɗan Adam yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa da ya kashe. Abin lura a ayar shi ne, abin da aka koya masa suturta tsiraici ne, wato mutunta jikin da ba zai iya kare kansa ba. Da na bi abin da masu tono suka gano a wurare daban-daban, wannan mutuntawar ce na ga ta fi komai tsufa, ta girmi zinariya da dutsen ado da duk wani kayan alfarma.

A kogon Panga ya Saidi da ke kusa da gaɓar tekun Kenya aka samu kabari mafi tsufa da aka sani a Afirka, aka bayyana shi a shekarar 2021. Yaro ne ɗan shekara biyu da rabi zuwa uku, masu binciken suka raɗa masa Mtoto, wato yaro da harshen Suwahili. Shekarunsa a ƙasa sun kai 78,000. Mai karatu zai ce, ta yaya aka san binne shi aka yi, ba faɗawa rami ya yi ƙasa ta rufe shi ba? Da abubuwa ƙanana ake ganewa. Akwai shacin ramin da aka haƙa da hannu, ƙasar cikinsa ta bambanta da ta kewaye. Gaɓoɓinsa suna haɗe yadda suke a jikin mai rai, alamar an rufe shi da wuri kafin namun daji ko ruwa su warwatsa shi. An kwantar da shi a gefen dama, gwiwoyi a naɗe zuwa ƙirji. Yadda kafaɗa ta matse ya nuna an naɗe shi da wani abu, fata ko ganye. Kansa kuwa ya karkace ya faɗa, irin yadda kai ke yi in an ɗora shi a kan matashin da daga baya ya ruɓe ya bar gurbi. Wani ya yi wa yaron nan matashi. Ban san yadda zan karanta wannan ba tare da na tuna hannun da muke sawa a ƙarƙashin kan mamaci muna gyara masa kwanciya a 'yar kabari ba.

Lissafin shekarun ma ba shaci-faɗi ba ne. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon-14, wanda ke raguwa da rabi duk bayan shekara 5,730 daga ranar mutuwa, don haka ana iya auna ƙashi ko gawayi har zuwa wajen shekara 50,000. Abin da ya wuce nan, kamar na Mtoto, sai a koma ga ƙwayoyin yashin da ke ramin, a auna tsawon lokacin da suka yi rabonsu da hasken rana.

Amma daga "an binne shi da kulawa" zuwa "sun yi imani da lahira" akwai tafiya mai nisa, kuma a nan masana kan yi tuntuɓe. A kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi, a 1960, an tono ƙasusuwan wani daga jinsin mutanen da ake kira Niyandatal, aka samu ƙurar furanni tare da shi. Labari ya zagaye duniya cewa an binne shi da furanni. Daga baya wasu suka nuna akwai wani irin ɓera a yankin da ke tara furanni a raminsa, wasu kuma suka ce ƙudan zuma masu gida a ƙasa na iya kawo ƙurar. Har yau ana jayayya. Zuciya na son labarin furen, shi ya sa ya yi saurin karɓuwa.

Ba sai mun yi nisa haka ba. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, wasu masu neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare suka yi kiciɓis da maƙabarta a shekarar 2000, mai kaburbura wajen 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni. A ɗaya daga ciki, mai shekara kusan 5,300, mace ce kwance tana fuskantar yara biyu, hannuwansu a sarƙe da juna. Babu wanda ya mutu a haka da kansa. Wasu ne suka ɗauko su ukun, suka jera su, suka haɗa musu hannu, sannan suka tura ƙasa. Ko sun ɗauka tafiya za su yi tare, ko kuwa zuciya ce ba ta iya raba su ba, ramin bai faɗa ba. Abin da ya faɗa ƙarara shi ne an so su.

A jiharmu ta Kaduna kuwa, ƙasa ta cinye har shaidar. Nok, wanda sunansa ya cika duniya saboda mutum-mutumin yumɓu, ƙauye ne a kudancin jihar nan. Masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan kawuna a 1928, kuma wanda aka samu a Jama'a a 1943 sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, wanda ya gane darajarsa. Al'ummar da ta yi su ta zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tun 2005 masana daga jami'ar Farankfot ta Jamus, tare da abokan aikinsu na Najeriya, suka shiga tono a wajen Janjala. Suna ta samun wani tsari iri ɗaya: duwatsu a jere, tukunya ɗaya ko biyu ba fashi ba tsaga, wani lokaci da tsakiyar dutse a kwance a zagaye, kamar har yanzu tana wuyan mai ita. Ƙashi kuwa ko ɗaya babu, don ƙasar wurin mai tsami ce, tana narkar da ƙashi. Sai da suka auna sinadaran ƙasar da ke tsakanin duwatsun kafin su ƙarfafa zaton cewa jiki ya taɓa kwanciya a wurin. Mutum-mutumin kansu galibi a farfashe ake samunsu, an tara gutsattsarin a ramuka kusa da irin waɗannan wurare, abin da ya sa masanan ke ganin suna da alaƙa da jana'iza ko tunawa da kakanni. Dubi yadda abin ya juya. A Nok kaya sun saura, mutum ya ɓace. A kabarin kawuna mutum zai iya saura, kaya kuwa dama ba a sa ba.

Inda kabari ya fi ɗaga murya shi ne inda sarauta ta shigo. Al-Bakri, malamin Andalus da ya yi rubutu a 1068 daga bakin fatake, ya siffanta yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a gina masa rumfar katako, a kwantar da shi a gado, a ajiye makamansa da kayan adonsa da ƙoren cinsa da shansa cike da abinci, a shigar da masu yi masa hidimar abinci, a rufe ƙofa, jama'a su yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama tudu. A Igbo-Ukwu ta jihar Anambra, tonon da Baturen masanin kayan tarihi Thurstan Shaw ya fara a 1959 ya fito da wani babba na wajen ƙarni na 9 ko na 10, an zaunar da shi a kan kujera, da dutsen ado fiye da 100,000, da ƙasusuwan wasu mutane a saman ɗakin da aka binne shi a ciki. Irin wannan kabari rabi maganar lahira ce, rabi kuma saƙo ne ga masu kallo: gidan da ya iya binne wannan dukiya bai rasa wata ba, kuma magaji na nan.

Mu Hausawa ba mu kuɓuta daga wannan ba, shaidar tana Durɓi Takusheyi a ƙaramar hukumar Mani ta jihar Katsina. Sunan ma ya faɗi abin da ke wurin, don kusheyi jam'in kushewa ne. Tuddai ne da aka tara a kan manyan ƙasar Katsina na da. Baturen mulki Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tona uku a 1992, daga baya aka kai abin da aka ciro birnin Mainz na Jamus aka tsaftace shi aka yi nazari. Awo ya sa su tsakanin ƙarni na 14 da farkon na 16. An samu wuri, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado, da kayan zinariya, da wani kwanon ƙarfe da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. Kwanon nan ne ya fi ɗaukar hankalina. Daga ƙasashen Musulmi ya fito, ya ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, a daidai zamanin da Musulunci ke kafuwa a biranen Hausa, lokacin da irin su Al-Maghili suka sauka Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Amma ya ƙare a kabarin da ba na Musulunci ba ne a tsarinsa. A ganina wannan na nuna cewa haja kan riga aƙida isowa, aƙida kuma kan shiga fada da kasuwa kafin ta shiga maƙabarta. Mutum kan canza tufarsa da harshen cinikinsa da sauƙi, amma yadda zai kwantar da mahaifinsa shi ne abu na ƙarshe da yake yarda a taɓa.

Da ta shiga kuwa, ta share komai. Ranar 20 ga Satumba 2020 Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu, bayan shekara 45 a kan gado. A ranar aka sallace shi, a ranar aka rufe shi a gidan sarauta. Duk cikar da Zariya ta yi, da gwamnoni da sarakuna, abin da ya shiga rami da shi farin ƙyalle ne irin wanda aka naɗe kawuna da shi. Tsakanin tuddan Durɓi da wannan yammaci akwai juyin tunani mai girma, wanda hadisi ya taƙaita: abu uku ke raka mamaci, iyalinsa da dukiyarsa da aikinsa, biyu su komo, aikin ya zauna. Mutanen Durɓi sun yi wa nasu guzuri da abin da hannu ke ɗauka. Mu ma muna yin guzurin, har kalmar muna amfani da ita, sai dai namu ba ya barin alama a ƙasa.

To ina namu yake, in ba a rami ba? Yana bakinmu. Ba mu cewa mutum ya mutu sai in babu makawa, akuya ce ke mutuwa, mutum rasuwa yake yi, ko ya cika, ko ya riga mu gidan gaskiya. In mun ce wane ya kwanta dama, yadda aka jera shi a kabari muke siffantawa ba tare da mun lura ba. In jariri ne kuwa sai mu ce ya koma, kamar baƙon da ya leƙo ya ga wurin bai yi masa ba. A cikin wannan "koma" akwai wani tsohon tunani da ya girmi zuwan malamai, irin wanda ya haifar da zancen ɗan wabi, yaron da ake cewa yana zuwa yana komawa a cikin uwa ɗaya. Shi ya sa ake samun Ajuji da Ayashe da Barmani, sunayen da uwa ke sa wa ɗa don ta nuna kamar ba ta damu da shi ba, ko ta roƙa a bar mata shi. Zancen kurwa da maye ke kamawa, da fatalwa da ake tsoron gamuwa da ita a bakin maƙabarta da almuru, duk daga wannan tsohuwar rijiya aka ɗebo su, suna zaune gefe da gefe da karatun barzahu da tambayar kabari, a gida ɗaya, wani lokaci a bakin tsohuwa ɗaya.

Yana kuma cikin abin da muke yi bayan an dawo daga rakiya. Tabarmi a ƙofar gida kwana uku, "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙan rai", maƙwabta na shigo da abinci don gidan rasuwa ba ya ɗora tukunya. Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Sadakar uku da bakwai da arba'in, da gumbar da ake rabawa, wadda tun kafuwar Izala a 1978 ake ta muhawara a kanta a masallatan garin nan, wasu na cewa bidi'a ce, wasu na cewa sadaka ce da addu'a kawai aka sa wa rana. Ko wane gefe mutum ya tsaya, ya lura cewa duk wannan zafin jayayya a kan abin da zai amfani mamaci ne, kuma ko ƙwayarsa mai tono ba zai gani ba. Haka abin yake ga maƙwabtanmu. Bahaushen Wusasa Kirista yana sa nasa a akwati da waƙoƙin coci da Hausa, ɗan kasuwar Sabon Gari kuma yakan ajiye gawar mahaifinsa makonni, ya yi hayar mota ya kai ta garinsu a kudu, don a wurinsu dattijo a ƙasar kakanninsa ya kamata ya kwanta. Mai saurin binnewa da mai jinkirtawa kowa na ganin girmamawa yake yi, kuma kowa na mamakin ɗan'uwansa.

In namu kabarin ya ɓoye wannan duka, to na mutanen Nok da Gobero da Kufena ma sun ɓoye nasu. Su ma suna da kalmar da suke sakaya mutuwa da ita, da kukan da mata ke yi, da kwanakin da ake ƙirgawa, da sunan da ake sa wa yaron da aka haifa bayan uba ya tafi, kamar yadda muke da Audi. Duk ya tafi da iska. Ko Sarauniya Amina, da ganuwarta ke kewaye da tunaninmu, ba mu da kabarin da za mu nuna a Zariya mu ce nata ne, sai labarin baka da ke cewa a Atagara ta ƙare. Don haka ina jin ciwo in na ji an taƙaita mutanen da da kalma ɗaya, a ce arna ne, a wuce, kamar wannan ya ba da izinin yin duk abin da aka ga dama da makwancinsu. A shekarun 1990 an yi wa yankin Nok tonon ɓarna, aka kwashe mutum-mutumi zuwa kasuwannin Turai, har wasu suka bayyana a gidan tarihin Luba na Paris a shekarar 2000 aka yi ta cece-kuce. Mai haƙa don sayarwa kan jefar da tukunya da duwatsu ya ɗauki kai kawai, ya hargitsa wurin yadda babu mai iya karanta shi har abada. Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne. Ban ga dalilin da zai sa wannan ladabi ya tsaya a kan wanda ya rasu jiya, ya ƙi kaiwa ga wanda ya kwanta shekara dubu biyu ba. Namu ma ba su tsira ba. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san gefen maƙabartar da gini ya ci, ko wanda zaizayar damina ta buɗe aka bar shi haka.

A ranar kawu, ni da ƙanensa muka sauka muka karɓe shi. Muka kwantar da shi dama, muka sassauta ɗaurin likkafani, na sa hannu na gyara masa kai ya dubi alƙibla. Aka miƙo itace muna jerawa a kan 'yar kabari, ana bi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Wajen kai sai aka samu 'yar kafa tsakanin itace biyu da suka ƙi haɗuwa, inda ƙasa za ta iya zubowa a fuska. Dattijon ya duba hagu da dama, ya miƙo mini hannu ya ce, "Ɗana, ba ni abin nan da ke hannunka." Ashe tun ɗazu tsingaron na aljihuna. Na ciro na ba shi, ya ɗora shi a kan kafar, ya danna da babban yatsa, ya shafe da laka, sannan ya ce a turo ƙasa.